Hannun da Na Bari a Ginshiƙi

Sun ba ni tsani da guduma, suka ce hau,
kankare mana mutanen nan daga bangon majami'a,
Gotawa ne, ranarsu ta faɗi.
Ban ce musu nonon Bagotiya na sha ba.
A Rabenna ta bana
mai riƙe harshensa shi ke kwana da wuyansa.

Na fara da na hagu.
Tsakuwar gilas na zuba kamar ƙanƙara,
gemu, kafaɗa, jan mayafi,
yaro a ƙasa yana tarawa a kwando,
don gobe da ita za mu zana labule
a gurbin kowane mutum.

Na huɗun na san shi.
Ansimund ne, kawuna, mai tsaron ƙofar fada,
wanda aka haifa cikin keken shanu
shekarar da suka baro gaɓar Danub
da iri a buhu, da tukwane, da tsofaffi masu tari.
Shi ya koya mini ƙirge da harshenmu,
ban wuce goma ba yaƙi ya shigo,
ya kwashe damina kusan ashirin.
Da furfurarsa ya bi runduna kudu,
gindin dutsen nan mai hayaƙi,
ko takalminsa bai dawo ba.

Kafin rana ta take na cire fuskarsa.
Na cire ƙirji, da mikiyar zinariya da ke maƙale a kafaɗa.
Saura hannun dama,
ɗage a kan farin ginshiƙi,
yatsa huɗu da rabi,
rabin ƙofar fada ce ta cinye.
Guduma ta yi mini nauyi.

Shugaban aiki ya ɗago kai, me ya rage?
Na ce farar tsakuwa ta ƙare,
in na fasa nan ba abin cikewa.
Ya yi hamma, ya ce bar shi,
wa ke kallon sama in ba mai neman ruwa ba.

Labulen ya yi kyau, kowa ya yaba.
Ran Lahadi uwata ta dogara sanda ta zo,
ba ta durƙusa ba, ba ta bi waƙarsu ba,
ta dai ɗaga ido tana motsa baki,
tana ƙirga da harshen da ba mai amsa mata,
ta kai huɗu
ta tsaya.