Shagon da ke Aljihuna

Shekara tara ina ɗinki a Agege,
ƙofar shagona ta ba titi baya.
Wanda ya san ni ya san ni.

Sai Tasalla ta karɓi wayata,
ta rataye kaftani jikin taga,
ta ce, "Baba, kauce, kana tare haske."
Hoto uku ta ɗora.
Ba kuɗin haya, sai datar ɗari biyar.

Da asuba, saƙo daga Lekki:
wata mata, ba ta jin Hausa
amma ta ji aikin wuya.
Ɗan babur ya ratsa gada da kayan,
alat ya riga shi dawowa.

Yanzu allura na dama,
waya na hagu.
Jiya na soki gilashi, na shafa yadi.