Minti Goma Sha Biyu

Littafin ruwan sama na Baba nake kwafewa,
damina talatin da huɗu ta gonarmu ta Ɓatagarawa:
ranar shuka, ranar da gero ya yi bununi,
ranar da aka dubi sama aka yi shiru.
Tawada ta koɗe, gara ta ci rabin wata shekara.

Ina tsakiyar shekarar fari, layi na tara,
hadari ya haɗo ta Ƙofar Durɓi.
Duk ɗan Katsina ya san sauran zancen.
Iska ta kaɗa, wuta ta yi ɗif,
allo ya koma gindin tukunya.
Shafi goma sha ɗaya na ruwan sama,
ruwan sama ya yi awon gaba da su.

Washegari na ɗauki Sada, ɗan ƙanwata,
shi ne mai jin yaren na'ura.
Muka tsaya shagon Mannir a Ƙofar Ƙaura,
akwatuna baƙaƙe jere kamar tukwanen amarya.
Ya ce, Alhaji, mi za ka ɗora mashi?
Jaki ma sai an ga mangala ake sayensa.

Na ce kwamfuta ce da allonta,
sai firinta mai tarin asuba.
Ya ce firinta kam ta tsaya a ƙasa,
cinta ya fi na sauran gida,
lokaci guda take lashe tukunya.

Ya nuna ƙarami, ɗari shida da hamsin a goshinsa.
Ya nuna babba, dubu da ɗari biyar.
Can ƙurya kuma ga inbata da batir biyu
masu kai mutum har asuba da fanka,
kuɗinsu kuɗin ɗan maraƙi a kasuwar Charanchi.
Idon Sada ya maƙale a ƙurya.
Nawa idon yana aljihu,
inda fansho ya kwanta kamar mai jinya.

Akwai na hannu, rabin kuɗi.
Na ɗaga shi, ba nauyi, kamar alkawarin ɗan kamasho.
Mannir ya yi dariya, ya ce batir tsoho ne,
zafin Afrilu ya riga ya sha romonsa.
Na ajiye. Araha ba ta ado.

Na dafa ƙaramin sabo, na ce, shi fa wannan,
in sun ɗauke, nawa zai ba ni?
Ya ce minti goma sha biyu, in ka yi mashi adalci.
Ba don aiki aka yi shi ba, Alhaji.
Don ka adana, ka rufe, ka tashi da mutuncinka.

Sai na tuna Baba a tabarmar zaure
yana cewa, ita gonar fadama, ka gaya wa Barira...
Bai ƙarasa ba.
Shekara shida ke nan muna juya rabin maganar,
ni da Barira, kowa da irin ƙarshen da ya sa mata.
Da an ba shi minti biyu ma.

Na ce a naɗe mini shi.
Garanti wata shida, rasit da biro ja.
Kada ya jingina da bango mai shan rana,
kada a yafa masa zane, shi ma numfashi yake.

Jiya da la'asar hadari ya dawo.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura,
akwatin ya fara tsiwa kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwa,
allo kuwa ko ƙiftawa.
Na ƙarasa layin: an yi yayyafi, bai jiƙa ƙasa ba.
Na adana. Na rufe.

Saura minti tara ban taɓa ba.
Na fito da kujera bakin ƙofa
ina kallon indararo,
ina neman biro in rubuta na yau.