Akwati na Huɗu

Ni ke goge gilashi a gidan tarihi na Damagaram,
ni ke rakiyar baƙi in an samu baƙi.
Akwati na huɗu daga ƙofa, hannun hagu,
akwai rabin tukunya, gindinta duk huda.
An tono ta a wani kufai, zurfin gaba biyu.
Takardar da ke ƙarƙashinta da Faransanci take magana:
kaskon ibada, wataƙila na ƙona wa iskoki turare.
Shekara shida ina faɗin haka
ga 'yan lakwal a jere, ga masu ɗaukar hoto,
har ya zauna mini a baki kamar kirari.

Wata Alhamis kakata Tasalla ta zo daga Mirya
da tulunan sayarwa,
ta ce in nuna mata inda nake neman abinci.
Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ba wanda ya sa ta.
Ta wuce masu, ta wuce duwatsun niƙa,
ba ta tsaya ba sai a na huɗu.
Ta kara goshinta da gilashin da na goge da safe.

"Karanta mini."
Na karanta, na juya mata da Hausa.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Iskoki? Yaushe iskoki suka fara cin dambu?
Madambaci ne, ɗan nan.
Dubi hudar, da tsinke aka yi ta tun yumɓu na ɗanye.
Dubi gefen, nan ake naɗa tsumma kada tururi ya tsere.
Kuma maginiyar bahaguwa ce,
ga sawun babban yatsanta ya kwanta a karkace.
Sauri take yi.
Ko hadari ya taso, ko goyo na kuka."

Na kai wa darakta zancen.
Ya ce, ina hujja?
Masana sun auna, sun gwada ƙasar, sun sa hannu.
Da gaskiyarsa. Kakata ba ta da hatimi.

A hanyar tasha na ce, "Kaka, kin tabbata?"
Ta gyara gammo.
"Wa ya tabbata? Mai shi ta tafi da bakinta.
Ni dai hannuna ya shaida hannunta."

Takarda na nan yadda take.
Amma yanzu in yara sun zo
sai in karanta abin da aka rubuta,
in faɗi abin da Tasalla ta faɗa,
sannan in kama bakina, su duba da idonsu.
Jiya wata 'yar aji uku ta rantse
tana jin ƙamshin zogale ta cikin gilashi.

Tabon goshin kuwa,
sai da na yi mako ina kewaye shi da tsumma.