Harajin Hayaƙi

A zauren taron ƙauyenmu, can Saskacewan,
daren da ƙanƙara ta toshe hanyar coci,
Lorne Vasko ya hau dakalin katako,
ya tuɓe hula, ya dafa ƙirji:
"Muddin ina numfashi a majalisa
ba mai ɗora wa hayaƙinku haraji."
Muka tafa har kofunan gahawa suka yi rawa.
Oksana ta naɗe masa burodin da ta gasa da asuba,
ni kuwa na ba shi bakin gonata
ya kafa allonsa,
fuska kamar ƙofar rumbu, haƙora reras.

Wata goma sha huɗu. Na ƙirga da yatsa.
Alkamar bana ta shigo da laima,
dole a hura mata gas dare da rana
in ba haka ba ta ruɓe a idona.
Sai ga takarda.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
layin da aka rantse ba zai taɓa zuwa ba
ya zo, ya miƙe ƙafa, har da ɗigo da sifiri biyu.

Na buga waya ofishinsa.
Wata yarinya mai murya kamar zuma ta ce,
"Ka yi haƙuri, Baba, yanayi ne ya canja."
Na ce, wane yanayin?
Na sama, ko na kujera?
Ta ce za ta isar.

Jikata Halyna ta zo hutu daga jami'a,
ta zauna kan buhun iri, ta ƙi saurara mini.
"Kaka, ka manta bazarar da dajin arewa ya kama?
Rana ta koma jan kwabo da tsakar rana,
ka ɗaura tsumma a hanci kana ba shanu ruwa,
tafkin bayan gida ya tsage kamar diddige,
ka sayar da karsana tara a farashin biyar.
Hayaƙin nan wani zai biya shi,
in ba kai ba, ni."

Ban ce ƙarya take ba.
Ni na binne maruƙan, na fi ta sanin warin.

Amma ki ji, 'yar nan.
Da ya tsaya daren nan ya ce,
"Zan taɓa aljihunku, ga dalili,"
da na zage shi tas a gaban jama'a,
na kwana ina juyi,
wataƙila da safe in dangwala masa.
Ɗaci ba ya kashe manomi.
Abin da ya ci ni, an lasa mini zuma
don a samu bakina a buɗe.

Suna maido da wani abu, ban musa ba.
Ceki na zuwa, Oksana ta manna shi a firji.
Kuɗi sun san hanyar gida.
Tafin da na yi a zaure
shi ne har yau ba wanda ya aiko mini da shi.

Jiya wani sabo ya ƙwanƙwasa ƙofa,
takalmi ba ɗigon taɓo,
zai tuge harajin, in ji shi, ranar farko.
Ya dafa ƙirji daidai inda wancan ya dafa.
Ban ji sauran ba, hannun nake kallo.
Oksana ba ta kunna murhu ba.

Allon Vasko yana nan.
Na tumɓuke shi da kaka,
na toshe ɓular garken maruƙa da shi,
fuskar na duban arewa, murmushin ya kwaye rabi.
Yana tare musu iska sosai.
Aikin da ya yi mana ke nan guda,
shi ma bai yi alkawarinsa ba.