Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba maki
a makarantar gindin dutse, can sama da Puno,
inda sanyi ke daskarar da tawada,
sai na hura wa biro numfashi kafin ya yarda ya yi rubutu.
Ashirin ne ƙarshen maki a ƙasarmu.
Wanda ya gaza sha ɗaya, da ja nake rubuta masa.

Nemesio Ticona bai taɓa ganin ja ba.
Sha tara, ashirin, sha tara.
Yakan gama lissafi tun ina kakkaɓe alli,
ya naɗe hannu yana kallon tafki ta taga.
Na ce wa uwarsa, tana kaɗi a bakin ƙofa:
wannan zai riƙe gari.
Ya kuwa riƙe.
Ya dawo daga Lima da digiri biyu da tabarau,
muka zaɓe shi, har da ƙuri'ata.
Ya zana magudanar ruwa a takarda,
ba kuskure ko na ɗigo.
Tsofaffin manoman dankali suka ce masa
gangaren nan yana tafiya in ruwa ya yi nauyi.
Ya nuna musu lambobi.
Suka cire huluna, suka yi godiya, suka fita.
A watan Fabrairu gangaren ya tafi,
da magudanar, da gonar Hilaria, da tumakinta goma sha huɗu.

Kada ku yi saurin gyaɗa kai.
Na san labarin da kuke so:
daƙiƙi ya zo ya ɗinke ɓarakar haziƙi.

To, daƙiƙin ya zo. Fortunato Apaza,
wanda shi kaɗai ya ƙarar mini da jan biro uku.
Ya san sunan kowa, har karen gidan kowa.
Ba a kai gawa kabari ba tare da kafaɗarsa ba.
In ya buɗe baki a dandali
masu gasa masara kan bar ta ta ƙone.
Mutanen kamfanin ma'adinai suka zo da takarda shafi sittin.
Ya karanta na farko, ya gaji,
irin gajiyar da na sani tun yana ajina,
ya sa hannu yana dariya, aka ɗauki hoto.
Shafi na arba'in da biyu ne ya sayar da rafinmu.
Ruwan yanzu launin tsatsa.
Har gobe ana son sa.
Ni ma in mun haɗu a kasuwa, sai na tarar ina murmushi.

Wadda ke kan kujerar yau
sai da na tono littafin maki kafin na tuna fuskarta.
Teófila Condori. Sha uku, sha huɗu, sha uku.
Layi na uku, jikin bango.
Abu ɗaya tak na rubuta a gefen sunanta:
"Tana yawan cewa a maimaita."
Ƙorafi ne na rubuta.
An ce a majalisa ma hakan take.
Injiniya ya gama bayani, ta ce ban gane ba, sake.
Ya sake. Ta waiwayi tsohon da ke tsugune a ƙofa,
ta ce kai fa, me ka gani?
Taron awa ɗaya sai ya kai faɗuwar rana.
Wasu sun ce hikima ce, wasu sun ce nawa ce kawai.
Gadar da ta yi alkawari ko harsashi ba a haƙa ba.
Ban sani ba tukuna.
Damina biyu kacal ta gani.

Jiya jikata ta shigo da sakamakonta, sha takwas,
ta tsaya tana jiran in faɗi
abin da na faɗa wa uwar Nemesio.
Na dubi lambar. Lamba ce mai kyau, ta gaskiya,
ta auna abin da aka ba ta ta auna.
Na zuba mata miya, na ce sha tun da zafi.

Da ta kwanta na jawo aljihun tebur.
Jan biron na nan.
Na hura masa, na sake hurawa,
na goga shi a bayan hannuna.
Bai ce komai ba.