Littafi na Bakwai

Sha biyu ne cif, kowanne da lambarsa a goshi,
bango kore, hoton Jagora yana duban sama
kamar mai neman jinjirin wata.
Wanda ya tara su duka ya kai ofishin jam'iyya a Tudun Wada,
a ba shi buhun taki da hula mai tambari.
Har makahon layinmu yana da biyar.

Malam Ilu na Kwarbai ke tsara baitocin
da dare, gaban fitilar ƙwai, ana biyansa da shafi.
Babana Tanimu ke jera haruffan dalma
a wani ɗaki bayan tasha, a Sabon Gari.
Yakan dawo da yatsu baƙi ƙirin,
ya gutsuri tuwo, ya bar sa hannunsa a jikin malmala.

A makaranta mun haddace, muna tsaye cikin rana:
"Jagora dutsen Kufena, ba ka gusawa,
ruwan Kubanni, mai ƙishi ke zuwa ɗiba."
In ka manta baiti, bulala ta tuna maka.

Sai na bakwai ya fito.
Shafi na tara, layi na huɗu.
Malam Ilu ya rubuta: ya kare ƙasa.
Takarda ta ce: ya ƙare ƙasa.
Ƙugiya ɗaya tak, ba ta kai ƙwayar gero ba,
ta hau kan harafi ta zauna daram.

Mako biyu ba wanda ya lura,
don saye ake yi, ba karatu ba.
Wani akawu ne, zaman jiran albashi ya ishe shi,
ya buɗe don kashe lokaci.

Aka bi gida gida ana karɓa,
aka ƙone su a fili wajen Ƙofar Doka,
hayaƙin yana warin tawada har la'asar sakaliya.
Malam Ilu ya rantse da abin da zai kashe shi,
ya nuna rubutun hannunsa, aka sallame shi.
Babana kuwa wata huɗu.
Ya dawo kunnen hagu ba ya ji,
ya koma gyaran keke, bai ƙara taɓa dalma ba.

Guda ɗaya ya tsira, ba don jarunta ba:
Inna Lantana ta riga ta ninke shi biyu
ta tokare ƙafar keken ɗinkinta, don yana rawa.

Jagora ya daɗe a ƙasa.
Sauran littattafan an auna su a sikeli,
na sha cin tsire a kan kirarinsa,
mai ya jiƙa "hasken al'umma" har ana ganin bayansa.

Jiya Dokta Zuwaira ta zo daga Samaru
da safar hannu fara da gilashin ƙara girma.
Tana da sha ɗaya cikin leda, a jere kamar haƙora,
giɓin nan ne ke hana ta barci.
Ta faɗi kuɗin da zai sake min kwanon ɗaki kafin damina,
sannan ta rage murya:
kuskure ne, ko da gangan ya yi?

Ni ma na taɓa tambayarsa, yana kwance, ciwon ajali.
Sai da na zagaya ta kunnen dama.
Ya ce, "Ai gidan ka da gidan ƙa maƙwabta ne a akwati."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
na ba shi ruwa, maganar ta wuce.

Na ce wa Dokta ta dawo ranar Laraba.
Littafin na nan kan tabarma, da shatin ƙarfe a fuskar Jagora.
Daga ɗaki ina jin Inna tana mita,
wai wa ya taɓa mata keke.