Hantar Dalyop

A Gada Biyu kowa ya san waldar Dalyop,
ƙofar da ya haɗa, ɓarawo sai kallo.
Sanyin Jos ne hujjarsa:
"Kwalba ɗaya, Sallau, jini ya motsa."
Ɗaya ta haifi uku,
burkutu ya koma ruwan kurkure baki,
goskolo ya karɓi kujera.

Shekara sha tara hanta na bauta, ba ta kai ƙara ba.
Ba ta da tsiwar haƙori.
Tabo take ɗorawa kan tabo, shiru,
har ta ƙandare kamar dutsen Shere.

Ido ne ya fara, ya yi launin gwaiduwa.
Muka ce shawara ce, muka dafa saiwa.
Sai ciki ya tashi kamar tulu,
ƙafa ta ƙi takalmi,
hannun walda ya kama rawa.

A asibitin Lamingo an zuƙe ruwa roba huɗu.
Likita ta ce, "Da bara waccan kuka zo…"
Ba ta ƙarasa ba.
Daren Laraba ya amayar da jini,
kafin asuba ya cika.

Ni na biya kuɗin kwalbar farko.
Ƙofar gidana aikinsa ce,
har yau ko ƙara ba ta yi.